Cika Baki Ba Ya Huda Takarda: A Kai Bindigar Kaduna Gaban Allon Saiti

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen waya a shagunan titin Ahmadu Bello ko kewayen Kasuwar Gumi ya san yaren masu haja. Batirinta kwana biyu yake yi, kyamararta ta fi ta iPhone, ba ta zafi ko za a kwana ana buga gem. Mai saye ya biya, ya tafi gida, bayan mako biyu ya gane wace magana ce gaskiya. Iyakar asararsa kuɗi ne da ɓacin rai.

A kan wannan titin dai hedikwatar DICON take, wato kamfanin gwamnatin tarayya mai ƙera makamai, wanda masana'antarsa ke Kakuri, ƙetaren kogi. Shi ma yana da haja, kuma hajarsa na shan kirari duk ranar da aka ƙaddamar da wani sabon abu: ƙirar gida ce, ta yi kafaɗa da ta ko'ina a duniya. Sai dai wanda zai gane gaskiyar wannan kirari soja ne a dajin Birnin Gwari, shi kuwa idan maganar ba ta tabbata ba, ba lallai ne ya dawo ya yi ƙorafi ba.

Saboda haka bai kamata a bar ingancin bindigar da ake ƙerawa a Kaduna a bakin masu jawabi ba. A kai ta filin harbi, a rubuta ƙa'idar gwaji kafin a ɗana kunama, a kawo shaidun da ba su da hannu a ƙirar, sannan a fitar da sakamakon gaba ɗaya, mai daɗi da marar daɗi.

Shekara sittin da ɗoriya ana ƙira

An kafa DICON a 1964, shekarar da aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA a nan Kaduna. Kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya gina masana'antar, aka soma da bindigogin Beretta na Italiya bisa lasisi. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, injinan sun yi aiki tuƙuru. Bayan yaƙi abubuwa suka ja baya, har aka riƙa yi wa kamfanin ba'a da cewa ya koma yin kujeru.

Daga baya an yi ta yunƙurin tayar da shi. A zamanin Obasanjo aka fito da OBJ-006, wadda aka kwaikwayo daga AK-47. A 2018 aka rattaba hannu da kamfanin PGZ na ƙasar Poland a kan shirin ƙera bindigar Beryl M762 a Najeriya. A 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON wadda ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa.

Duk wannan abin so ne, domin ƙasar da ba ta iya yin harsashinta tana hannun mai sayar mata. Amma matashin da ya ɗauki wayarsa ya nemi bayani a kan waɗannan bindigogi zai fi cin karo da hotunan manya riƙe da su a wurin biki da kuma jawabai. Abin da mai son fasaha ke nema shi ne lamba: idan an harba goma daga nisan mita 100, faɗin santimita nawa suka bazu?

Me ake nufi da "tana da saiti"?

Abu biyu ne ake cakuɗawa a wannan magana. Na farko tattaruwa: shin harsasan suna faɗawa kusa da juna? Na biyu dacewa: shin tsakiyar inda suka taru ya faɗa kan inda aka auna? Bindigar da ke tara harsasanta wuri ɗaya amma can gefen hagu, matsalarta mai sauƙi ce, a murɗa abin saiti shi ke nan. Wadda kuwa ke watsa su kamar an watsa wa kaji tsaba, babu murɗin da zai gyara ta, domin matsalar tana cikin bututunta, ko harsashinta, ko yadda aka haɗa sassanta.

Tattaruwa ita ce ainihin abin da maƙeri zai yi alfahari da shi, kuma ana auna ta da ma'aunin da ake kira MOA. MOA ɗaya kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri ɗaya. A nisan mita 100 wannan kusurwa ta yi faɗin kimanin santimita 2.9, a mita 300 ta zama 8.7, a mita 500 kuma 14.5. Wato bindigar da ke bazuwa MOA 4 za ta watsa harsasanta a faɗin kusan santimita 35 idan nisa ya kai mita 300. Nan ne ake gane cewa ɗan bambancin da ido ke rainawa a kusa shi ne bambancin samu da kuskure a nesa.

Abin lura, ba a buƙatar bindigar yaƙi ta yau da kullum ta kai MOA ɗaya. Ƙa'idar karɓar bindigar M4 ta sojan Amurka ta yarda harsasai goma su bazu har kimanin inci 5 a nisan yadi 100. Ba wata lambar burgewa ba ce, amma a rubuce take, kowa na iya karanta ta, kuma bindigar da ta wuce ta ba a karɓarta. Rubutacciyar ƙa'ida irin wannan ita ce abin koyi.

Dabarar harbi uku

A ƙasashen da ake sayar wa farar hula bindigogin farauta, kamfanoni da yawa na yin alkawarin cewa bindigarsu ba ta kai MOA ɗaya a bazuwa. Sai an karanta ƙananan rubutun ƙasa ake ganin sharaɗin: galibi harbi uku ne kacal, da harsashi mai tsada, bututu kuma a sanyaye.

Me ya sa uku? Lissafi ne ya ba su. Ana auna rukunin harbi ne da tazarar ramuka biyu mafi nisa da juna, kuma duk harsashin da aka ƙara dama ce ta faɗaɗa wannan tazara, ba ya taɓa rage ta. Bindigar da matsakaicin bazuwarta santimita 3 ne a harbi uku, za ta nuna kimanin 3.8 a harbi biyar, ta nuna kimanin 4.7 a harbi goma. Bindiga ɗaya ce, maharbi ɗaya, rana ɗaya, yawan harbin kawai aka sauya.

Akwai wadda ta fi wannan. Idan mutum ya harba rukuni goma na uku-uku, ya zaɓi mafi kyau ya ɗauki hotonsa, zai iya nuna kusan rabin matsakaicin, wato wajen santimita ɗaya da rabi. Bai yi ƙarya ba, ramukan na gaske ne. Takardu taran da ya cusa a aljihu su ne ba a gani ba. Wannan shi ne sirrin yawancin bidiyoyin TikTok da ake ganin wani ya harbo kwabo daga nesa. Mai kallo ya ga harbi ɗaya, bai ga sau nawa aka kunna kyamara aka kashe ba.

Ba sai an taɓa bindiga ba kafin a tabbatar da wannan. Duk mai ɗan ilimin Python zai iya gwadawa a wayarsa da layuka kaɗan. A sa manhaja ta zaɓo lambobi biyu da random.gauss a matsayin inda harsashi ya faɗa, hagu ko dama da sama ko ƙasa. A yi haka sau uku, a auna tazara mafi girma, a maimaita sau dubu goma, a ɗauki matsakaici. Sai a sauya uku zuwa biyar, sannan goma. Lambobin da ke sama za su fito da kansu.

Masu waya sun san wannan wasan

Wanda ke bibiyar labarin wayoyi ba baƙo ba ne a nan. A 2013 shafin AnandTech ya gano cewa Galaxy S4 na ƙara wa kanta gudu idan ta gane an kunna manhajar gwajin ƙarfi, ta koma yadda take idan an rufe. Maganar ta kai kotu a Amurka, a 2019 Samsung ya amince ya biya dala miliyan 13.4 don a sasanta. A 2018 kamfanin UL mai manhajar 3DMark ya cire wasu wayoyin Huawei, har da P20 Pro, daga jerinsa. Yadda aka kama su abin koyi ne: an gwada wayoyin da manhajar da kowa ya sani, aka sake gwada su da irinta sak wadda aka sauya wa suna, sai maki ya faɗi warwas. A 2022 kuma Geekbench ya cire Galaxy S22 da wasu 'yan uwanta saboda manhajar GOS da ke rage ƙarfin waya a gem amma ta ƙyale manhajojin gwaji.

Darasin ɗaya ne. Duk na'urar da ta san ranar jarrabawarta za ta ci. Bindigar da injiniyoyi suka zaɓa da hannunsu, suka goge, suka gyara don ranar da minista zai zo, daidai take da wayar da ta gane sunan manhajar gwaji. Wadda ya kamata a auna ita ce ta cikin akwati, wadda za a miƙa wa kurtu gobe.

Gasar da mai haja ya shirya

Wani zai ce to a shirya gasa mana, a ga wanda zai ci. An taɓa yi. A 2013 kamfanin TrackingPoint na jihar Texas ya fito da bindiga mai kwamfuta. Madubin saitinta na aiki da Linux, yana auna nisa, ya yi lissafi, kuma ba ya barin harsashi ya fita sai bakin bindiga ya dace da wurin da aka yi wa alama. A ƙarshen 2015 aka shirya gasa don tabbatar da wannan iƙirari. Taya Kyle, matar marigayi Chris Kyle, wadda ba ƙwararriyar maharbiya ba ce, ta riƙe bindigar kamfanin, ta kara da zakaran harbi Bruce Piatt da ke riƙe da bindigogin soja na yau da kullum, aka sa masa ladan dala miliyan ɗaya idan ya yi nasara. Ita ta ci.

Talla ta yi kyau. Amma a wannan shekarar dai, masu binciken tsaron kwamfuta biyu, Runa Sandvik da Michael Auger, sun nuna cewa ana iya kutsawa cikin madubin ta Wi-Fi, a sauya lambar nauyin harsashi a cikin lissafinsa, bindigar ta harbi allon da ke gefe alhali maharbi na ganin ya auna daidai. Babu yadda za a yi gasar talla ta fito da irin wannan, domin gasar da mai haja ke ɗaukar nauyi ana tsara ta ne a kan tambayar da ya riga ya san amsarta. Masu rubuta manhaja sun san haka: gwajin da mutum ya rubuta wa aikinsa yakan wuce lafiya, sai wani daga waje ya danna inda ba a zata ba komai ya rushe.

Abin da ya faru da Jamus

Misalin da ya fi kusa da halin Najeriya shi ne na G36, bindigar da sojan Jamus suka soma riƙewa a ƙarshen shekarun 1990. Bayan an kai ta Afghanistan sai aka fara samun rahoton cewa idan ta yi zafi, ko don yawan harbi ko don zafin gari, saitinta na lalacewa. Aka yi shekaru ana ja-in-ja. A watan Afrilun 2015 ministar tsaro ta lokacin, Ursula von der Leyen, ta ce bindigar ba ta da makoma a rundunar a yadda take. Amma a watan Satumban 2016 wata kotu a birnin Koblenz ta ba kamfanin Heckler & Koch gaskiya, bisa hujjar cewa ya kawo abin da kwangila ta nema.

Wato bindigar ta ci jarrabawar da aka rubuta mata, jarrabawar ce ba ta yi tambayar da ta dace ba. Idan Jamus da duk ƙwarewarta ta faɗa wannan rami, ina ga ƙasar da sojanta ke aiki a zafin Maiduguri da Sakkwato, inda ma'auni ke haura digiri 40 a bazara, ga ƙurar hunturu, ga laimar damina? Gwajin da aka yi da sanyin safiya da harsashi uku bai ce komai ba a kan abin da zai faru da tsakar rana bayan an zazzage jigida huɗu.

Yadda gwajin gaskiya zai kasance

Kaduna na da duk abin da ake buƙata. Ga filayen harbi a Jaji kan hanyar Zariya, ga NDA, ga cibiyar fasaha ta sojan sama, AFIT, a Mando, ga injiniyoyin Kaduna Polytechnic a Tudun Wada. Sojan ƙasa ma na da al'adar gasar harbi, NASAC, wadda a 2017 aka kai ta har dajin Sambisa. Sai dai irin wannan gasa maharbi take aunawa. Auna bindigar kanta na buƙatar wani tsari daban:

1. A wallafa ƙa'ida tun kafin ranar gwaji: nisa nawa, harbi nawa, wace lamba ce ci, wace ce faɗuwa. Wanda ya harbi bango sannan ya zana da'ira a kan ramin ba gwani ba ne.

2. A zaɓi bindigogi goma ta hanyar ƙuri'a da lambobin jikinsu daga cikin waɗanda aka riga aka ƙera don rabawa.

3. A ɗaure kowace a kan maɗaurin ƙarfe, don a cire rawar hannu da numfashin ɗan Adam daga lissafi.

4. Kowace ta harba rukuni biyar na goma-goma a mita 100, a maimaita a mita 300. A yi da bututu mai sanyi, a sake yi bayan an yi mata ruwan harbi ta ɗauki zafi.

5. A faɗi irin harsashin da aka yi amfani da shi da lambar zubinsa, a gwada na gida da na waje, domin sau da yawa laifin da ake ɗora wa bindiga na harsashi ne.

6. A jera ta da bindigogin waje da ke rumbun soja, a yi musu gwaji iri ɗaya a rana ɗaya.

7. A ƙirga kowane rami. Babu cewa wannan iska ce ta kwashe shi. A rubuta duk lokacin da bindiga ta cije.

8. Shaidu su fito daga wajen kamfanin, a kuma saki lambobin ɗanye a jadawalin da kowa zai iya saukewa ya yi nasa lissafin.

Bindiga goma, rukuni biyar, harbi goma, harsashi 500 ke nan a kowane zagaye. Ko an ninka shi sau takwas, ba kuɗin da zai gagari kamfanin gwamnatin tarayya ba ne. Aunawar ma ta yi sauƙi yanzu. Akwai manhajojin waya da ke lissafa bazuwa daga hoton takarda, akwai kuma allunan lantarki masu kunnuwa da ke gano inda harsashi ya bi ta hanyar ƙarar da yake yi idan ya wuce, tunda harsashin AK na fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa, kusan ninki biyu na gudun sauti. A gasar Olympics, inda tsakiyar allon bindigar iska na mita 10 ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, na'ura ce ke ba da maki.

Ai sirrin tsaro ne

Wannan ita ce hujjar da za a fara kawowa, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Yawan makaman da ke rumbu, inda aka ajiye su, da rundunar da aka ba, duk sirri ne, a bar su a rufe. Amma faɗin bazuwar harsashin bindigar da aka kwaikwayo daga ƙirar 1947 ba wani abu ba ne da zai amfani ɗan bindigar daji, wanda ke riƙe da irinta tun tuni.

Hujja ta biyu ita ce soja na yin nasu gwajin a cikin gida. Babu mai musun haka. Amma gwajin da ba a ga sakamakonsa ba, ba ya gamsar da wanda ke waje, kuma na waje su ne 'yan majalisar da ke ware kuɗi, da masu biyan haraji, da ƙasashen maƙwabta da ake fatan su zama masu saye. Babu hafsan wata ƙasa da zai sayi bindiga don ya ji jawabi mai daɗi.

Ta uku ita ce tsoron kunya: idan sakamako bai yi kyau ba fa? To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara a gano aibi a Jaji, inda abin da zai lalace kwali ne, da a gano shi a bakin daga. Injiniyan da aka nuna wa lamba ya san inda zai gyara. Idan kuwa sakamakon ya yi kyau, an samu amsar da za a ba duk mai raina kayan gida, amsar da ta fi kirari dubu. Kishin ƙasa na gaskiya shi ne a so kayan gida su ci jarrabawa mai tsauri, domin ɗan'uwan wani ne zai rataya su.

Rabon mai riƙe da waya

Wannan aiki ne na hukuma a filin soja. Dokar Najeriya ta hana farar hula riƙe bindigar yaƙi, ko ta farauta ma sai da lasisi, kuma garin da ya ga harin NDA na watan Agustan 2021 da na jirgin ƙasa na watan Maris ɗin 2022 ba ya buƙatar ƙarin masu gwada harbi a bayan gari don neman mabiya. Abin da matashi ke da shi wanda ya fi amfani shi ne tambaya da lissafi.

Duk lokacin da aka nuno sabon makami a labarai, ko sabuwar waya a talla, tambayoyi huɗu sun isa: sau nawa aka gwada, wa ya zaɓi wadda aka gwada, wa ya tsaya shaida, ina sauran sakamakon? Ɗaliban kwamfuta na KASU da Kaduna Polytechnic za su iya gina manhajar auna bazuwa daga hoto a matsayin aikin kammala karatu, su saki lambarta kyauta. 'Yan jarida su nemi jadawali a maimakon hoton yanke kyalle. Ranar da DICON ya fitar da lambobinsa, ya kamata a ce akwai matasa a Kawo da Unguwar Rimi da Tudun Wada da za su sauke su, su sake lissafin da kansu, su faɗi abin da suka samu.